Hutun Sanyi: Tafkin Madarunfa da Dajin Gabi Na Jiran Masu Ziyara

A ƙarshen watan Disamba na kowace shekara ana rufe lakwal na ƴan kwanaki, ma'aikata da yawa kuma sukan sami sararin hutawa. Mafi yawan mutane a gida suke cinye wannan hutu, suna jin ɗumi suna jiran hazo ya washe. Alhali kuwa a jihar Maraɗi akwai wuraren da suka cancanci a je a gani da ido, kuma babu lokacin da ya fi dacewa da ganinsu kamar lokacin ɗari.

Yadda wasu ƙasashe suke yi

A Kopanhag, babban birnin ƙasar Danmak, can arewacin Turai, yinin ƙarshen watan Disamba kimanin awa 7 ne. Rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 8 da rabi, kafin ƙarfe 4 na yamma kuma ta faɗi. Duk da wannan duhu da tsananin sanyi, baƙi da ƴan ƙasa suna amfani da hutun kwana biyu ko uku su zaga birnin. Suna shiga lambun Tivoli wanda aka buɗe a 1843, suna tsayawa bakin teku su kalli mutum-mutumin ƴar ruwa da aka kafa a 1913, wanda ko tsawon mutum bai kai ba. Abin da ya ɗaukaka waɗannan wurare shi ne yawan masu zuwa. Wurin da jama'a ke ziyarta hukuma ba ta barinsa ya lalace, domin akwai idanu da yawa a kansa.

Tafki da kaburburan waliyyai

Daga Maraɗi zuwa Madarunfa bai wuce kilomita 25 ba, ta kudu. Matafiyi zai ga fadamar gulbi kore shar da noman rani, musamman wajen Jiratawa inda ake noman zogale da ruwan famfo. Itatuwan gawo ma a wannan lokaci suke cike da ganye, saɓanin sauran itatuwa.

Tafkin Madarunfa yakan kai kimanin hekta 800 idan ya cika bayan damina, sannan ya riƙa ja da baya har zuwa bazara. Saboda haka mai zuwa a Disamba ko Janairu zai tarar da ruwa da sauran yawa, masunta na fitowa da tarwaɗa da gargaza, masu lambu kuma na bin dausayin da ruwa ya bari. A lokacin ne kuma tsuntsayen ƙaura suke sauka. Ban da balbela da zalɓe da kirinjijiya da aka saba gani, akwai agwagin ruwa da ƙananan tsuntsayen bakin tafki waɗanda ke ƙyanƙyasa a arewacin Turai, su gudo wa ƙanƙara, su ƙetare teku da hamada su zo su ci rani a ƙasashen Sahel.

A kewayen tafkin akwai kaburburan waliyyai, waɗanda bisa ga labarin da aka gada daga magabata adadinsu 99 ne. Jama'a daga Nijar da Najeriya suna zuwa ziyara da addu'a, musamman lokacin Mauludi. A shekarar 2006 gwamnatin Nijar ta gabatar wa hukumar UNESCO tafkin da gandun dajin Madarunfa da waɗannan kaburbura, domin a duba yiwuwar sanya su cikin kayan gadon duniya. A 2019 kuma aka sanya tafkin cikin jerin wuraren dausayi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar.

Gabi da dajin Baban Rafi

Wanda ya ga tafki bai ga mafarinsa ba, rabin labari ya sani. Gulbin Gabi, wanda ke gangarowa daga wajen iyakar Najeriya, yana cikin masu cika tafkin da damina. A ƙasar Gabi ne kuma ake samun dajin Baban Rafi, babban dajin da ya rage a kudancin Maraɗi, mai yawan sabara da geza da taramniya da marke. A shekarun 1980 da 1990 garken giwaye kan yi kai-komo tsakanin wannan daji da dazuzzukan ƙasar Katsina. Yau yaran Gabi a bakin dattawa kawai suke jin labarin giwa.

Ƙasar Danmak ɗin da aka ambata a sama tana da hannu a tarihin wannan daji. Tana cikin waɗanda suka ba da kuɗin shirin makamashi da aka soma a 1989, wanda ya haifar da dokar 1992 ta kasuwannin itace na karkara. Dokar ta ba mazauna ƙauyuka ikon sare itace bisa ƙa'ida, su sayar da kansu, su riƙe wani kaso na haraji domin ayyukan gari da gyaran daji. Baban Rafi na cikin dazuzzukan da aka kafa irin waɗannan kasuwanni.

Abin da ke cikin haɗari

Birnin Maraɗi na ƙara girma, buƙatar itacen girki na ƙaruwa, gonaki kuma na cin bakin daji. Idan aka sare itace, ruwan sama ba ya samun abin da zai tare shi, sai ya kwashi rairayi ya zuba cikin gulbi, gulbi ya kai shi tafki. Ta haka tafki ke cikewa, zurfinsa na raguwa, kifi na ƙaranci. Ga kuma madatsar ruwa ta Jibiya da aka gina a Najeriya, wadda ta rage ruwan da ke gangarowa Gulbin Maraɗi. Ashe ke nan gatarin da aka ɗaga a Gabi, masuncin Madarunfa ne yake jin saransa.

Akwai kuma matsalar tsaro. Tun wajen 2019 ƙauyukan bakin iyaka na gundumar Madarunfa, har da na Gabi, sun sha fama da ɓarayin shanu da masu satar mutane. Saboda haka duk mai niyyar zuwa Gabi, wajibi ne ya fara tuntuɓar hukumomin gunduma da ma'aikatan gandun daji, ya bi shawararsu. Idan sun ce a dakata, a tsaya bakin tafki, a bar daji sai an sami kwanciyar hankali.

Ziyarar yini ɗaya

Wannan tafiya ba ta buƙatar fasfo ko kuɗin jirgin sama. A yi sammako, a ɗauki rigar sanyi da ruwan sha, a isa bakin tafki da hantsi lokacin da masunta ke dawowa. A gai da masu gari, a nemi ɗan jagora a sallame shi da abin da ya sawwaƙa, a sayi kifi da kayan lambu a hannun masu su. A kiyaye alfarmar kaburbura, kada a harbi tsuntsu, kada a zubar da leda. A koma gida kafin magariba.

Malamin lakwal da ya kai ɗalibansa, da shugaban ajin yaƙi da jahilci da ya kai ƴan ajinsa, da ma'aikacin da ya kai iyalinsa, kowanne ya ƙara yawan waɗanda za su yi magana ranar da aka ce tafkin na ƙafewa. Gani ya kori ji.