Hular Kwano ga Mai Keke: A Tilasta Ko A Bari?

Keke ya daɗe yana yi mana hidima. Shi ne dokin mai bishara a ƙauyuka, shi ke kai yara makaranta, shi ke ɗauko buhun masara daga gona. Amma ƙafa biyu gare shi, ranar da ya kā da mutum kuwa, sau da yawa kai ne ke fara taɓa ƙasa. Karayar hannu mai ɗori yakan gyara. Ƙwaƙwalwa ba ta da mai ɗori.

Saboda haka waɗansu ƙasashe suka kafa doka. Jihar Biktoriya ta Ostireliya ce ta fara a 1990, kafin ƙarshen 1992 dokar ta game ƙasar duka. Niyu Zilan ta bi sahu a 1994. Faransa kuwa, tun 2017, yara 'yan ƙasa da shekara 12 kaɗai ta wajabta wa. Holan, inda kekuna suka fi mutane yawa, ba ta tilasta wa mai keke ba. Maimakon haka ta gina wa kekuna hanyarsu dabam, domin kada su haɗu da mota tun farko.

Hular tana aiki, babu shakka. Cikinta akwai farin soso mai tauri, irin wanda ake kāre sabuwar rediyo da shi a kwali. In kai ya bugi ƙasa, soson ne ke murƙushewa ya shanye ƙarfin bugun. Shi ya sa hular da ta taɓa shan bugu sosai sai a sāke ta, ko da ba a ga tsaga ba. In ba a ɗaure igiyar a haɓa ba, tashi za ta yi ta bar kan. A sani kuma, domin faɗuwa aka yi ta, ba domin karo da babbar mota ba.

Doka fa? Nan ne muke jinkiri. Mun tuna Janairun 2009, sa'ad da aka tilasta hular kwano ga masu babur a Nijeriya. Waɗansu 'yan acaɓa suka kifa ƙwarya a ka, suka ɗaure da igiya! An yi dariya, amma talauci ne ya yi magana. Mai keke ya fi mai babur rashi. In aka ce sai da hula, ko dai ya jingine keken ya koma tafiya a ƙasa, ko kuwa a sami sabon dalilin tare shi a hanya a karɓe ɗan abin cefanensa.

Yara kam maganarsu dabam ce, gama ba su san hatsari ba, a hannunmu kuma Ubangiji ya sa su. A Kubawar Shari'a sura 22 an umarci mai gina sabon gida ya ja ɗan bango kewaye da rufin, domin kada wani ya faɗo alhakin jini ya hau gidan. Uban da ya saya wa ɗansa keke, a ganinmu, bai gama saye ba sai ya haɗa da hula, ya duba birki, shi ma ya sa tasa in yana da ita, don yaro abin da ya gani yake yi.

Ekklesiyoyin da ke saya wa masu bishara kekuna, me zai hana a sa kuɗin hula da fitila cikin lissafi? Yawancinsu da duhu suke komowa daga wa'azi.