Iyafis daidai kunnen mai shi

Ranar Laraba a kasuwar Makarfi, tsakanin layin 'yan rake da rumfunan masu cajin waya, da wuya ka yi taku goma ba ka ga saurayi da iyafis maƙale a kunne ba. Haka abin yake a tashar Ikara, haka a Hunkuyi. Galibi masu arahar nan ne da ake sarowa daga Farm Centre ta Kano ko PZ ta Zariya: ba a jima ba kunne ɗaya ya mutu, a yi ta murɗa wayar ana neman inda za ta kama, daga baya a wurgar a sayi wani. Mai gyaran waya ko kallonsu ba ya yi, don ladan gyaran ya fi kuɗin sabo. Amma kayan da ke kan teburinsa, ayan ɗin narka dalma da mita da hantsaki da gilashin ƙara girman abu, su ne dai waɗanda wasu masu sha'awa a Amurka da Turai da Asiya ke amfani da su a gidajensu suna haɗa iyafis ɗin da a kanti yakan kai ɗaruruwan daloli, wani ma ya haura dubu.

Irin wannan iyafis ba a yin sa don kowa da kowa. Sai an ɗauki siffar ramin kunnen mutum, an zuba ƙoƙonsa a kanta, ta yadda in ya shiga zai zauna daram, ya toshe ko'ina. Ko ɗan'uwanka na ciki ɗaya ya ara, ba zai shige shi ba. Kai, kunnenka na dama ma ba ɗaya yake da na hagu ba. Masu ƙera na'urar taimaka wa masu raunin ji su ne asalin wannan fasaha, makaɗa suka ara daga wurinsu. A 1995 Alex Van Halen, mai kiɗan ganga a wata shahararriyar ƙungiyar mawaƙa ta Amurka, ya koka cewa hayaniyar dandamali ta hana shi jin abokan kiɗansa. Mai kula musu da sauti, Jerry Harvey, ya nemo ƙananan sassa ya haɗa masa iyafis mai lasifika biyu a kowane kunne, ɗaya ta sauti mai kauri, ɗaya ta siriri. Wasu mawaƙan suka gani suka ce su ma a yi musu. Daga nan kamfanin Ultimate Ears ya samo asali, wanda Logitech ya saye a 2008.

Da yawa za su zaci amfaninsa shi ne ya fi ƙara. Ba haka ba ne, kuma nan ne dalilin wannan rubutu. Abin da ke sa mutum ya ƙure sautin wayarsa shi ne hayaniyar waje: injin niƙa, janareto, hon, lasifikar mai tallan magani. Iyafis ɗin kasuwa ba ya toshe kunne, hayaniyar na shiga ta gefe, sai mai shi ya ƙara sauti don ya rinjaye ta, kunne ya sha duka biyun. Wanda aka zuba daidai kunne kuwa yana tare hayaniyar waje da kimanin desibel 25, wato ma'aunin ƙarfin sauti, saboda haka mutum zai ji karatu ko waƙa sarai da ɗan sauti kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum zai iya sauraron desibel 80 har awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba. In ya kai 90, awa 4 ce kacal a makon. In ya kai 100, minti 20. Ta kuma ce matasa fiye da biliyan 1 a duniya na cikin haɗarin rasa jinsu saboda yadda suke sauraro. A can cikin kunne akwai wasu ƙwayoyi masu siririn gashi, kimanin 16,000 a kowane kunne, su ke mayar da sauti saƙon da ƙwaƙwalwa ke ganewa. Wadda ta mutu ta mutu ke nan, ba ta tsirowa. Ƙugin nan da mutum ke ji bayan ya kwana kusa da lasifikar biki, kukansu ne.

Cikin iyafis, lasifikar iri biyu ce. Ta farko ita ce wadda duk mai riwayin ya sani: maganaɗisu, da naɗin siririyar waya, da 'yar fata mai motsi, sai dai an ƙanƙantar da ita zuwa milimita 6 zuwa 10. Ita ke cikin iyafis ɗin kasuwa, kuma ta iya sauti mai kauri. Ta biyu wani ɗan akwatin ƙarfe ne, wani bai fi ƙwayar shinkafa ba. A cikinsa akwai wani ɗan harshen ƙarfe da ke tsaye tsakanin maganaɗisu biyu. In lantarki ya bi ta naɗin wayar sai harshen ya yi rawa, ya tura wata 'yar fata ta wani ɗan tsinke, sauti ya fito ta bututu. Kamfanin Knowles na Amurka, wanda aka kafa a 1946, da Sonion na Denmak su ne suka yi suna a kanta, yanzu kuma kamfanonin Sin na yin masu sauƙin kuɗi. Ƙanƙantarta ce ke ba da damar a jera biyu ko uku ko fiye a kunne ɗaya, kowace da sashen sautin da aka ba ta.

To, kafin a kai ga lasifika akwai matakin da ba na mai gyaran waya ba ne, komai gwanintarsa: ɗaukar siffar kunne. Tsawon ramin kunne kimanin santimita 2.5 ne, yana da lanƙwasa biyu, kuma a ƙarshensa dodon kunne yake, fatar da kaurinta bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Ƙwararre kan fara haska kunnen ya tabbatar babu dattin da ya cushe, babu miki, babu huji. Sai ya tura ɗan soso mai zare ya wuce lanƙwasa ta biyu, ya sake haskawa ya ga ya tare hanya gaba ɗaya. Sannan ya kwaɓa wata roba mai laushi, ya ɗura ta da sirinji har ta cika ramin da kwarin kunnen, mutum na cije da wani ɗan abu don bakinsa ya zauna a buɗe, saboda motsin muƙamuƙi na sauya faɗin ramin. Bayan kamar minti 5 ta daskare, a lallaɓa a zare.

A intanet ana sayar da wannan roba da alkawarin kowa zai iya yi wa kansa a gaban madubi. Kada wanda ya yarda. A ƙasarmu yara da yawa sun yi fama da kunne mai zubar da ruwa, an ɗiga man zafi ko ruwan ganye, ruwan ya tsaya, aka manta. Amma hujin da ciwon ya bari a dodon kunne yana nan, mai shi bai sani ba. In robar ta tsallake soson ta bi ta hujin nan, can cikin kunne za ta daskare a kan ƙananan ƙasusuwan ji, kuma sai an yi tiyata kafin a fitar da ita. Likitocin kunne sun sha ba da rahoton irin haka. Mutumin wannan yanki ba shi da uzuri: sashen kunne da hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana Shika, Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da aka kafa a 1999 tana Kaduna, Asibitin Malam Aminu Kano ma ba nisa. A je a nemi masu auna ji, a tambaye su.

Da zarar siffar ta zo hannu, sauran aikin na gida ne. Wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zubin tukwanen alminiyam ya riga ya san dabarar: a danna tukunyar samfuri cikin damshin yashi, a zare ta, a zuba narkakken ƙarfe a gurbin da ta bari. Nan ma sai a gyara siffar da reza, a rage tsawon hancinta, a tsoma ta cikin narkakken kakin kyandir don ta yi santsi ta ɗan ƙara kauri. A sa ta a ɗan kofi, a zuba mata wani ruwa garai-garai mai daskarewa in ya huce. A zare ta, gurbi ya fito. Cikin gurbin ake zuba ruwan robar da ba ya daskarewa sai hasken UV ya taɓa shi, hasken nan da ke cikin rana amma ido ba ya ganinsa. A rufe saman da baƙin abu, a sa cikin fitilar UV da masu gyaran farce ke amfani da ita. Hasken na ratsawa ta gefe, sai bangon ya fara daskarewa daga waje, tsakiyar tana ruwa. Bayan minti ɗaya ko biyu, gwargwadon launin robar da ƙarfin fitilar, a tsiyaye na tsakiyar, a bar ƙoƙo mai kaurin milimita 1 ko ɗan fiye. In an yi gaggawa ya fito kamar ɓawon ƙwai ya fashe, in an yi jinkiri ya cika babu wurin lasifika. Ba a koyonsa sai an ɓata 'yan ƙoƙuna.

Robar fa ba kowace ba. Wadda aka yi domin fatar mutum ake nema, irin ta kamfanin Dreve na Jamus. Sufa gulu da gam ɗin liƙe tankin babur ba su da hurumi a kunne. Ko ta kirkin ma, in ba ta gama daskarewa ba tana jawo ƙaiƙayi da kumburi, kuma in jiki ya fara ƙin ta da wuya ya daina. A sa safar hannu, a sake gasa ƙoƙon har danƙon samansa ya tafi.

Daga nan fagen mai dalma ne. A huda hancin ƙoƙon, a zura siraran bututai daga lasifika zuwa bakin hujin. Wurin liƙa waya a jikin ƙaramar lasifikar ɗan ɗigo ne, in ayan ya wuce daƙiƙa biyu ko uku a kai ta ƙone. Kafasita da razista ke raba aiki, su hana sauti mai kauri zuwa wurin mai siriri. A cikin bututun kuma ana cusa wata 'yar matata mai launi, fara ko ruwan ƙasa ko koriya ko ja, kowace da yadda take rage kaifin sauti. Tsawon bututu ma na sauya amo. Nan masu abin ke raba dare, a cire wannan a sa waccan. Kuskuren da ya fi yawa shi ne juya wayar kunne ɗaya, sai sautin ya zama fanko, ka rasa ta ina yake fitowa. Mita da alamar jan biro sun isa maganinsa. Murfin da ke rufe bayan ƙoƙon kuwa, ni a ganina babu dalilin sayo na ƙasar waje alhali ga ƙahon sa, ga icen maɗaci, ga sakainar da masu sassaƙar ƙwarya za su yi wa zane.

Yanayinmu na da nasa sharuɗɗan. Kwalbar robar da aka manta a bakin taga, ranar Ikara za ta mayar da ita dutse, don haka a ɗaki ake aikin, a rufe labule. Ƙurar hunturu na manne wa ƙoƙon da bai bushe ba, gumin bazara da dattin kunne na toshe bututu. Babbar matsalar dai kuɗi ce: roba da ƙananan lasifikun duk da dala ake sayo su, a jira makonni kafin su iso. Shi ya sa bai kamata mai koyo ya fara da lasifika uku ba. Ya tara matattun iyafis, waɗanda galibi waya ce ta tsinke a gindin fulogi alhali lasifikar lafiyarta lau, ya ciro ta ya dasa a ƙoƙon da ya zuba. Ita irin wannan ta iyafis ɗin kasuwa tana son ɗan hujin iska a bayanta, in babu sai kaurin sautin ya shaƙe.

Masu buƙata suna nan: sha'irai a wurin Maulidi, masu fiyano da DJ a gidajen biki, masu ɗaukar waƙa a situdiyo. Amma wanda ya fi kowa buƙata ba ya sauraron komai. Shi ne yaron da ke wuni a bakin injin niƙa ko na sussukar masara ko na matsar rake don mazarƙwaila a Kudan da Makarfi. Shi ba sai an sa masa lasifika ba. A cika gurbin da roba mai laushi, ya samu matoshin da ba ya faɗuwa, ba ya ciwo, ana wanke shi da sabulu. Wannan ya fi sauƙin yi, ya fi araha, kuma da shi ya dace a fara.

Mai babur kuwa, ko mai tafiya a gefen titin Kano zuwa Zariya, ya cire nasa ya sa a aljihu, don abin da ke tare ƙarar inji zai tare hon ɗin tirela. Yara ma a dakata musu, kunnensu bai gama girma ba, wanda aka zuba bana baɗi ya yi sako-sako. Ko babba in ya yi ƙiba ko ya rame sosai, toshiyar takan saki, sai an koma asibiti an ɗauki sabuwar siffa.