Ranar Da Sarauniyar Tururuwa Ke Sayar Da Rai

Idan ruwan farkon damina ya sauka, mukan ga ƙwari masu fukafukai sun cika gari. Da yawanmu shinge muke kiransu duka, alhali shinge dangin gara ne. Tururuwa ma tana da nata masu tashi, ana gane su da siririn ƙugu. Matan cikinsu su ne sarauniyoyin gobe, kuma ranar fitowarsu daga rami ita ce mafi hatsari a rayuwarsu.

Barbara ce ke fito da su. Namiji ba ya daɗewa bayan nan yake mutuwa, ita kuwa macen sai ta tafi neman inda za ta kafa gida. Cikinta cike yake da kitse, guzurin da za ta rayu a kai, kuma kitsen nan ne ke ja mata maƙiya. A sama tsattsewa na cafke ta, da magariba jemage ya karɓa. Idan ta sauka ta karye fukafukanta, ga ƙadangare, ga kwaɗo, ga kaji, ga tururuwan wasu ramuka masu kashe baƙuwa.

A Kudancin Amurka abin ya fi haka. A Birazil akwai wani buzuzu da ke hawa bayan sarauniyar tururuwa mai yankan ganye, ya datse mata kai, ya binne gangar jikin don 'ya'yansa su ci. A yankin Santander na Kolombiya kuwa mutane ne ke soya su kamar yadda muke soya fara.

A wasu jinsuna, cikin sarauniya 100 da wuya guda ta kafa gida. To, me ya hana su ƙarewa? Ramuka da yawa kan saki nasu a rana guda, maƙiya su ci su ƙoshi, saura su tsira. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Wadda ta tsira takan haƙa rami ta toshe ƙofa. A jinsuna da dama ba ta cin komai sai 'ya'yanta na farko sun girma, naman da ke kaɗa fukafukanta ne jikinta ke narkarwa ta ciyar da su. Daga nan tana iya daɗewa: wata ta shekara 28 a hannun wani masani ɗan Jamus.

Ɗalibai, bana mu duba ƙasa bayan ruwa. Ƙatuwar tururuwa mai tafiya ita kaɗai cikin sauri mai yiwuwa sarauniya ce. Kada mu taka ta.