Filin Golf da Ake Tsarawa Don Gwani Ya Sha Wuya

Yau shirin namu ya leƙa wasan golf, inda masu shirya gasa kan zauna takanas su tsara fili yadda gwanaye za su ji a jikinsu.

Gasar US Open ta Amurka ce ta yi ƙaurin suna wajen wannan. Hukumar USGA mai shirya gasar takan matse hanyar da ƙwallo zai bi, ta bar ciyawar gefe ta yi duhu har ƙwallo ya nutse, sannan ta aske ta bakin rami ƙwal, ta rage mata ruwa. A 1974, a filin Winged Foot, Hale Irwin ya ɗauki kofi alhali ya zarce adadin bugun da aka ƙayyade da bakwai. A 2025 a Oakmont, J.J. Spaun kaɗai ya gama ƙasa da adadin, shi ma da bugu ɗaya tak.

Sai dai a batun ruwan nan ake wuce gona da iri. Kun san yadda ƙasa ke ƙeƙashewa a Jimeta a watan Maris. To haka bakin rami na bakwai ya koma a filin Shinnecock Hills ranar ƙarshe ta gasar 2004. Rana ta buga, iska ta kaɗa, ɗan wasa ya taɓa ƙwallo a hankali, sai ƙwallon ya gangara ya wuce. Dole ma'aikata suka riƙa yayyafa ruwa ana tsakiyar wasa. A 2018, a wannan filin dai, takaici ya sa Phil Mickelson ya bi ƙwallonsa da gudu ya buge shi tun ƙwallon bai tsaya ba, aka ci shi tarar bugu biyu. Ni a ganina, ranar da bugu mai kyau da mara kyau suka faɗa wuri guda, masu fili sun zalunci 'yan wasa.

Mu a Najeriya akasin haka muka gani. A gasar Nigerian Open ta 1981 a Ikoyi, Legas, lokacin da bakin rami yashi ne da aka cuɗa da mai, Peter Tupling ɗan Ingila ya gama zagaye huɗu da bugu 255 kacal, wato 29 ƙasa da adadin da aka ƙayyade.