Ƙaura daga jaha zuwa jaha: shin sai an sake permi?

Duk shekara muna ganin ƴan kasuwa suna tattara komatsansu suna sake mazauni. Wani ya bar babbar kasuwar Maraɗi ya kama shago a Katako ko Wadata a Yamai, wata ta bar Kasuwar Dole ta Damagaram ta bi maigidanta Tawa. Kafin a gama jera kaya, sai ga wani mai jaka a hamata ya iso, ya ce permin da aka zo da shi na waccan jahar ne, a nan ba ya aiki, amma in aka ba shi ƴan jikkuna zai gyara komai. Mun sha jin wannan zance a tasha da bakin kasuwa, shi ya sa muka ga ya dace mu warware shi a yau.

Permi na ƙasa ne

Ƙasarmu tana da jahohi 8: Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi, Damagaram da Yamai. Kowace tana da ofishin sufuri nata, amma permin da suke bayarwa na Jamhuriyar Nijar ne, kuma dokar hanya guda ce ta 2014 take aiki a ko'ina. Direban da ya taso daga Damagaram zuwa Yamai, tafiyar wajen kilomita 900, yana ratsa Maraɗi, Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso, babu jandarman da ke tambayar shi sabon permi a iyakar jaha. Wanda ya tare a sabon gari ma haka ne. Saboda haka duk mai karɓar kuɗinku don ya "mayar da permi na Yamai", iska yake sayar muku.

Akwai ƙasashen da ake yin wannan musaya da gaske. A Amurka kowace jaha da nata lasisin, wanda ya tare a jahar Niyok kwana 30 yake da shi ya canza. Mu namu tsarin ba haka yake ba.

Abin da ya kamata a duba a jikin permi shi ne harafinsa. A na babur ne. B na ƙaramar mota ne wadda nauyinta da kayanta bai wuce tan 3 da rabi ba, mazaunanta kuma ba su wuce 9 ba har da direba. C na babbar motar kaya ne, D na motar fasinja, E kuma na mai jan tirela. Sau da yawa ƙaura tana zuwa da ƙaruwar sana'a. Wanda yake kai buhu goma na albasa a ƙaramar mota, in ya sayi babba da permin B a aljihu, a idon doka daidai yake da wanda bai da permi.

Inda matsalar take

Wahala tana fitowa ne ranar da permi ya ɓace, ko ruwa ya cinye shi. Sai an je komisariya an yi takardar shaidar ɓata, sannan a nemi kwafi a ofishin sufuri, su kuma sai sun gano asalin rijistar. Mai riƙe da lambar permin, da ranar da aka ba shi, da garin da aka yi shi, aikinsa yana da sauƙi. Wanda ya mance su kuwa yana iya rufe shago ya yi ta zirga-zirga tsakanin gari biyu. Shawararmu: kafin a ɗaure kaya, a yi fotokofi gaba da baya, a kai a buga mata hatimi, a ajiye ta daban da na ainihi, a kuma ɗauki hotonsa a salula.

Sai takardar mota, wato kart giriz. Ita ce take ɗauke da sunan mai mota da mazauninsa. A tsofaffin lambobi ma ana gane jaha daga lambar farko: 4 Maraɗi, 5 Tawa, 7 Damagaram, 8 Yamai. Idan aka tare a wani gari, ofishin sufuri na jahar ne wurin gyara adireshi. Mafi haɗari shi ne abin da muka saba yi lokacin tashi: a sayar da babur ko mota cikin gaggawa, a miƙa takardu, a karɓi kuɗi, ba a rubuta takardar ciniki ba, ba a sauya suna ba. Ranar da motar ta buge mutum ko aka kama ta da kayan fasa-ƙwauri, sunan da ke cikin kart giriz shi za a fara nema.

Mai saye ma yana da nasa. Dokar inshora ta CIMA, wadda Nijar take ciki, ta ce in an sayar da mota, asuransinta yana tsayawa da kansa a ƙarshen kwana na 5 da cinikin. Ke nan takardar da aka miƙo maka tare da makulli, ko da watanni sun rage mata, ba za ta biya kowa ba in tsautsayi ya gifta. Haka nan wanda ya yi asuransi a kan motar gida, ya zo sabon gari ya maida ta ta haya ko ta dakon kaya, dole ya sanar da kamfanin. In bai yi ba, ana iya rage masa diyya ko a hana shi.

Masu dawowa daga waje

Zancen musaya na gaskiya yana kan ƴan uwanmu da suka zauna Kano, Legas, Kumasi ko Abijan suka dawo gida da lasisin can. Na Najeriya, wanda hukumar FRSC take bugawa, wa'adinsa shekara 3 ne ko 5, kuma in ya ƙare a can ake sabunta shi. Haruffansa ma ba su yi daidai da namu ba, misali a can G ne na tirela. Wanda ya dawo ke nan, ya kai lasisinsa ofishin sufuri tun da sauran wa'adi, ya nemi na gida. Shi kuwa permi na ƙasa da ƙasa da ake yi wa matafiya fassara ce kawai, ba ya aiki sai tare da na ainihi.

Gare ku iyayenmu mata

Da yawa daga cikinku ba ku tuƙi, amma da kuɗin adashi kuka sayi babur ko adaidaita kuka ba yaro yana kawo muku na cefane. In kun sake gari za ku ɗauki sabon direba wanda ba ku san iyayensa ba. Ku riƙe perminsa da hannunku, ku dubi hoton, ku sa a karanta muku harafin da ke ciki. Kart giriz ta kasance da sunanku, kada a sa na direba ko na dillali don wai ya fi sauƙi. Ku rubuta ranar ƙarewar asuransi a inda kuke rubuta bashi.

In kuma akwai abin biya, ku je ofishin da ƙafarku, ku biya a taga, ku karɓi rasit. Zuwa da kai ya fi saƙo. Allah ya sa ƙaurar ta zama alheri, ya kiyaye mu a kan hanya.