Gani Ya Kori Ji, Gwaji Ya Kori Zato

Duk wanda ya taɓa barin nama a fili kwana uku ya san abin da zai tarar, watau tsutsa. In ka tambayi mutane inda ta fito, da yawa za su ce naman ne ya haife ta, gama da idonsu suka gani. Haka masana suka ɗauka tun zamanin Aristotal na ƙasar Yunan, har wajen shekara 2,000.

To, wani likita na ƙasar Italiya, wai shi Francesco Redi, ya lura ƙudaje kan sauka bisa nama tukuna, sa'an nan tsutsa ta bayyana. Sai ya yi zaton ko ƙwansu ne ke ƙyanƙyashewa. Amma zato ba hujja ba ne, saboda haka ya shirya gwaji. Ya sa nama cikin kwalabe masu faɗin baki, ya toshe waɗansu, ya bar waɗansu a buɗe. Na buɗen suka cika da tsutsa, na toshen kuwa ko ɗaya babu.

Duk da haka mai gardama na iya cewa rashin iska ne ya hana. Sai Redi ya sake, ya rufe bakin kwalba da ƙyalle shara-shara, wanda iska ke ratsawa amma ƙuda ba ya iya wucewa. Nama ya ruɓe, tsutsa ba ta fito cikinsa ba, sai bisa ƙyallen, inda ƙudaje suka zuba ƙwai. Ya buga labarin cikin 1668.

Ku duba hanyar da ya bi. Da fari lura, sa'an nan zato, sa'an nan gwaji. Cikin gwajin kuwa abu guda kaɗai ya bambanta, don a san takamaimai abin da ya jawo tsutsar. Babban abu kuma, da tsutsa ta fito ƙarƙashin ƙyallen, da zancensa ya faɗi. Zancen da ba yadda za a yi a ƙaryata shi ba ya shiga ilmin kimiyya.

'Yan'uwa, gobe mu za mu tsaya gaban yara. In yaro ya ce, "Malam, yaya aka sani?" kada mu ce haka littafi ya faɗa. Mu aike shi ya samo kwalba biyu da tsokar nama.