Ruwan Bakin Mahaifa da Sanin Kwanakin Ɗaukar Ciki a Kakangi

Maƙasudin wannan takarda shi ne a nuna cewa macen karkara tana iya gane kwanakin da ciki ya fi saurin shiga, ba tare da na'ura ko kuɗi ba. Wannan kuwa ba ƙaramin al'amari ba ne a wuri irin Kakangi ta ƙasar Birnin Gwari, inda likitan mata ya yi nisa, kuma amaryar da ta shekara biyu shiru akan fara yi mata gorin juya.

Ƙwan mace ba ya wuce awa 24 da rai bayan ya fito, amma maniyyi yakan kai kwana 5 a jikinta idan ya tarar da ruwan da ya dace. Saboda haka kwanakin ɗaukar ciki 6 ne kacal a wata, watau ranar fitar ƙwai da biyar da suka gabace ta. Bayan ɗaukewar haila mace takan ji bushewa, sa'an nan wani ruwa mai kauri ya biyo baya. Daga bisani sai ya tsinke, ya yi garau, da santsi da yauƙi kamar farin ɗanyen ƙwai. Wannan shi ne lokacin saduwa, kullum ko a tsallake kwana guda. Likita John Billings ne ya soma tsara wannan hanya a birnin Melbon na Ostareliya cikin 1953.

A ganina koyar da ita ba zai yi wuya ba, domin matanmu sun riga sun saba da duba. Littafin Risala ya koyar da alamomin tsarki biyu, bushewa da farar kumfa. Abin da ya rage shi ne a ci gaba da dubawar bayan wankan tsarki. Sai dai da yawa sukan ɗauki ruwan nan ciwon sanyi ne, su shiga shan jiƙe-jiƙe, alhali na ciwo yakan zo da wari ko ƙaiƙayi, ko ya sake launi.

Akwai kuma batun rabon kwana. A gidan mata huɗu, inda kowa ke da kwana bibbiyu, mace takan yi dare 6 ba girkinta ba, kuma kwanakin nan suna iya faɗawa ciki. Haka mijin da ya tafi haƙar zinariya ya yi makonni a daji. Shari'a ta yarda kishiya ta bar wa 'yar'uwarta kwananta in ta so.

Idan an shekara ana kiyaye wannan babu ciki, ko wata 6 ga wadda ta haura shekara 35, sai a tafi asibiti, kuma a auna mijin tare da matar.